Lauratu, Wadda Ta Hana Uwarta Ƙwaya

A unguwar Hausawa ta New Bell, idan ka tambayi shagon Lauratu tela, sai an fara yi maka wani irin kallo kafin a nuna maka hanya. Wani zai ce, au, mai taurin zuciyar nan. Wata kuma ta rage murya ta ce, wadda uwarta ta yi wa baki. Ni maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu tun muna yara, kuma duk lokacin da na ji irin wannan magana sai raina ya ɓaci, domin na san masu faɗinta sun ga komai da idonsu shekara da shekaru, ba wanda ya ce uffan.

Mahaifinta, Malam Awalu, mahauci ne. Kakansa ya zo Douala daga Kano da fataucin goro, ya ga wuri ya zauna. Malam Awalu ya auro Mairama, Bafulatana daga Garwa, suka haifi 'ya'ya uku, Amadu babba, sai Lauratu, sai auta Abdurrazak. Autan yana goye uban ya rasu. Dangi suka ce Mairama ta kwashi yara ta koma arewa, ta ce ba inda za ta. Ta sayi tanda, ta kafa murhu a ƙofar gida, ta fara toya waina. Masu fitowa daga sallar asuba su tsaya, 'yan dakon da za su tafi kasuwar Sandaga su tsaya, har maƙwabtan da ba Musulmi ba sai da suka koyi cin waina da miyar taushe a hannunta. Da wannan tandar ta raini 'ya'yanta, a duƙe, kusan shekara talatin. Unguwa duka Inna ake ce mata.

Amadu aka bari ya yi boko, daga baya ya shiga cinikin albasa a Sandaga, har ya kai motoci suna sauke masa kaya daga Marwa. Abdurrazak ya girma ya hau bensikin, wato babur ɗin haya da kowa ke hawa a garin nan. Lauratu kuwa tun ba ta gama firamare ba aka cire ta don ta riƙa wanke shinkafa da kai niƙa. Ba wanda ya tambaye ta ko tana son karatun. Da ta tasa, sai ta roƙi wata mata 'yar ƙabilar Bamilike mai shagon ɗinki ta koya mata, tana share mata shago a madadin ladan koyo. Ta iya ƙwarai, ta buɗe nata. Ta auri Muhammad Bashir, direban babbar mota da ke bin hanyar Njamena, wanda rabin shekara a hanya yake yin ta, suka zauna a unguwar Kassalafam. Gajera ce siririya, amma in ta ɗaga murya ana jinta har bakin titi, kuma ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ba. Abu ɗaya ne kawai ta ɓoye a rayuwarta, shi ne kuma ya kusa kashe uwarta.

Wata damina ce, irin ruwan Douala da yake kwana yana wuni, lambatu ya cika ya malalo cikin lungu. Inna ta fito da bokitin ƙullu, santsi ya kwashe ta, ta faɗi da baya a kan dakali. Ta kwanta ba ta iya ko juyawa. Aka shafa man zafi, aka kira mai ɗori ya murza, ba sauƙi. Abin da ya fi damunta ba ciwon ba ne, tandar da ta huce ce. Sai Abdurrazak ya shigo da wata ƙwaya a tafin hannunsa, ya ce a mahaɗar da suke jiran fasinja akwai mai tallan magani, kuma duk abokansa wannan suke sha in baya ya riƙe. Sunanta tramol. Inna ta haɗiya da ruwan shayi. Kafin la'asar ta miƙe tana share tsakar gida, washegari hayaƙi ya tashi a ƙofar gida. Ta yi ta sa wa auta albarka, tana gaya wa masu sayen waina cewa ɗanta ya fi likita.

Daga ɗaya ta koma biyu, daga safe kaɗai ta koma safe da yamma. Kafin damina ta zagayo, Inna ba ta iya tashi sallar asuba sai ta haɗiya. Matar da ba ta taɓa ƙona waina ba sai ga ta tana gyangyaɗi a kan tanda, mai yana hayaƙi. Ta rame, ta daina cin abincin kirki, tana yawan susa. Ranar da ƙwayar ta yanke kuwa, sai hamma da majina da gumi, ta yi ta zagin duk wanda ya gifta, ita da a da ko kaza ba ta yi wa tsawa. Kowa a layinmu ya gani. Unguwar da rabin samarinta ke hawan bensikin, wa zai ce bai san wannan alamar ba? Amma da yake tsohuwa ce mai carbi a hannu, sai aka yi ta cewa tsufa ne.

Kowanne cikin 'ya'yan nan uku ya samu hanyar da yake taimaka wa ƙwayar, yana kiran abin biyayya. Abdurrazak shi ne ɗan aike. Da ta ɓata fuska ta ce bayanta, sai ya tada babur. Amadu ba ya son a riƙa ganin ƙaninsa kullum a gaban mai talla, don haka sai ya fara saya da yawa a wurin wani da ya sani, ya cusa cikin buhun shinkafar da yake aiko mata duk wata, tare da mai da sukari, kamar wani kayan cefane. Lauratu ita ce mai rufa asiri. Da ta ga masu saye sun fara ƙorafi, sai ta riƙa tasowa daga Kassalafam da sassafe, ta karɓi tandar ta toya, sannan ta wuce shagonta a gajiye. Wanda ya tambayi Inna sai ta ce hawan jini ne. In Inna ta yi amai ta wanke, in ta manta ta yi wa wani rashin mutunci ita za ta bi ta ba da haƙuri. Akwai ma ranar da Abdurrazak ba ya nan, Inna ta yi ta birgima a kan tabarma tana kiran sunan marigayi mijinta, Lauratu ta yafa mayafi ta tafi mahaɗar da ƙafarta ta sayo. Shekara uku suna haka.

Ranar da abin ya fashe, Lauratu ta makara saboda ɗinkin biki da ya riƙe ta. Inna ta kunna wuta da kanta. Ina tsaye da kwanona ina jira, sai na ga idonta ya ƙafe, jikinta ya sandare, ta faɗi gefe tana fizge-fizge, kumfa na fita a bakinta. Hannunta ya bugi tandar, mai mai zafi ya kwarare mata daga gwiwar hannu har wuyan hannu. Muka ja ta daga wuta. Kafin ta farfaɗo an riga an yanke hukunci cewa iska ce, an shiga gonar mutanen ɓoye. Amadu ya iso ya aika a kira mai ruƙiyya. Aka yi hayaƙi, aka yi tofi, hannun yana ta tashi. Da Lauratu ta iso ta ga ana shafa wa ƙunar man goge baki, sai ta fita bakin titi. Ta tsayar da tasi, ta sa muka ɗauki Inna zuwa asibiti.

Likitar da ta duba su mace ce, ba ta da yawan magana. Ta gyara ƙunar, sannan ta ja Lauratu gefe ta tambaye ta wane magani tsohuwar take sha. Lauratu ta ce na hawan jini. Likitar ta ce ta auna jinin, lafiyarsa lau, kuma ba a fara farfaɗiya haka kawai a wannan shekarun, don haka ta sake tunani. Lauratu ta koma gida, ta ɗaga katifar Inna. Ƙarƙashinta cike yake da ɓawon ƙwaya, wasu kuma a cikin tsohuwar kwalla, wasu a bayan buhun shinkafa. Ta tattara ta cika leda ta kai. Likitar ta duba ƙarfin da aka rubuta a jiki, ta girgiza kai. Ta yi mata bayani cewa wannan ƙwayar ce ta kayar da Inna, kuma za ta sake kayar da ita, wata rana ma ba za ta tashi ba. Ta ce kada a yanke mata rana ɗaya, jiki ba zai ɗauka ba, sai dai a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan a hannun asibiti, a kuma nemi maganin bayan daban. Amma ta ja kunnenta cewa duk wannan aikin banza ne muddin akwai hannun da ke miƙo mata daga waje.

Da ledar nan Lauratu ta wuce Sandaga. Ta samu Amadu a rumfarsa, 'yan dako suna sauke albasa, Abdurrazak ma ya kawo fasinja ya tsaya. Ta juye ledar a kan teburinsa a gaban yaran shago. Ta gaya musu abin da likita ta ce, ba ta rage komai ba. Amadu ya kore yaran, ya tattare ɓawon da sauri ya tura ƙarƙashin tebur, sannan ya juya Faransanci, kamar yadda yake yi in yana so ya tuna wa mutum cewa shi ya yi makaranta. Ya ce likitocin nan ba su san darajar tsofaffi ba, ya ce magani ne, ba giya ba ce.

"Uwar da ta haife mu kike kira 'yar ƙwaya, Lauratu? A tsakiyar kasuwa?"

"Ban kira ta komai ba, Hamma Amadu. Mu nake kira. Kai kake saya, wannan yake kaiwa, ni nake sharewa. Hannunta yana can ya saɓule, kai kuma abin da ya dame ka kada yaranka su ji."

Abdurrazak ya sunkuyar da kai ya ce shi dai ba zai iya kallon Inna tana kuka ba. Amadu ya ce ya gama magana, uwa ba a yi mata doka, wanda yake neman albarka ya san abin da zai yi. Lauratu ta ce to su ji da kyau, daga yau ba za ta ƙara sayowa ba, ba za ta ƙara toya waina don a ce Inna lafiya take ba, kuma duk wanda ya tambaye ta abin da ke damun uwarta za ta gaya masa gaskiya.

Ta kuwa cika. Washegari ƙofar gidan ba hayaƙi. Mutane suka taru da kwanoninsu, suna tambayar jikin Inna. Lauratu ta fito da tsintsiya a hannu ta ce ba iska ba ce, ba hawan jini ba ne, tramol ne, kuma duk wanda Inna ta aika ya sayo mata, ya sani da hannunsa a cikin abin da zai same ta. Kafin azahar maganar ta kai Kassalafam ta dawo. Ba wanda ya ce Allah ya ba tsohuwa lafiya. Abin da aka yi ta juyawa shi ne 'yar da ta tona wa uwarta asiri a bainar jama'a. Matan da suka shekara suna gulmar gyangyaɗin Inna a bayan ido, su ne suka fi kowa salati.

Da aka sallamo Inna ta ji abin da ya faru, ta sa aka kira Lauratu. Ina ɗakin, ni nake riƙe da kofin ruwa. Ta fara da lallashi, ta ce ita ba don daɗi take sha ba, don ta miƙe ta nemi abincinta ne, ta roƙe ta ko guda ɗaya. Lauratu ta durƙusa ta ce za ta kai ta asibiti duk ranar da ta yarda, za ta dafa mata, za ta wanke mata ciwo, amma wannan kam a'a. Sai Inna ta koma Fillanci, harshen da ba ta yi sai ranta ya kai maƙura. Ta tuna mata goyo, ta tuna mata dararen da ta hana idonta barci, sannan ta dawo Hausa don kowa ya ji.

"Ban yafe miki nonona da kika sha ba."

Har na zaci Lauratu za ta faɗi. Can ta ce, "Na ji, Inna. Gara ki tsine mini kina da rai." Ta tashi ta ɗauki kwanon wankin ciwo ta fita.

Kada wani ya ɗauka abin bai taɓa ta ba. Ta daina barci, allura ta yi ta sukan yatsunta, duk abin da ya lalace a shago sai ta ce bakin ne ya fara kama ta. Ta je wajen limamin ƙaramin masallacin layinmu ta tambaye shi ko ta halaka. Ya gaya mata cewa ba a yi wa iyaye biyayya a kan abin da zai cutar da su, kuma bakin da aka yi ba bisa haƙƙi ba Allah ba ya karɓa. Ta ji sanyi. Ta roƙe shi ya maimaita wa Amadu wannan magana, ya ce zai nemi lokacin da ya dace. Amadu ne ya yi wa masallacin rufin kwano. Lokacin bai taɓa dacewa ba.

Haka aka tafi wata da watanni. Kullum Lauratu ta zo da abinci, ta wanke ƙunar, ta canja bandeji, Inna ta juya fuska bango ba ta amsa gaisuwarta. Buhun shinkafa yana zuwa da abin da ke cikinsa, babur yana zuwa yana komawa. Matar Amadu ta daina kawo mata ɗinki, wasu ma suka bi sahu. Mijinta da ya dawo daga tafiya ya ji labari, ya ce ita ta san uwarta, shi ba zai sa baki ba, amma ƙofar gidansa a buɗe take in ana bukata. A duk dangi da unguwa, wannan ne kaɗai goyon bayan da ta samu.

Abin da ya juya Amadu ba hannun Inna ba ne, ba kuma maganar likita ba. Matarsa ta haihu, aka yi taron suna a gidansa, surukai suka zo daga Yawunde da motoci. An zaunar da Inna a tsakiyar mata cikin sabon leshi, ta haɗiyi fiye da yadda ta saba don ta iya wunin. Ana cikin rabon abinci ta sandare ta faɗi, ta yi fitsari a zaune, jaririn da aka miƙa mata saura kaɗan ya suɓuce. Wata daga cikin surukan, wadda ba ta san ana ɓoyewa ba, ta ce ai irin wannan faɗuwar ta masu tramol ce, ta sha gani a unguwarsu. Maganar ta zaga tsakar gida har ta fita wajen maza.

Washegari da hantsi sai ga Amadu a shagon Lauratu, shi da bai taɓa taka wurin ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana juya makullin mota, ya ce yana ganin lokaci ya yi da za a gwada maganar asibitin nan. Lauratu ba ta tsayar da keken ba sai da ta kai ƙarshen layin da take ɗinkawa.

"Da ta ƙone ba lokaci ba ne. Sai da ta kunyata ka a gaban surukanka."

Bai musa ba. Ta ce ta yarda, amma Inna za ta koma gidanta a Kassalafam, maganin da asibiti zai bayar a hannunta kaɗai zai zauna, kuma duk buhun da zai aiko sai ta juye shi a faranti ta duba. Ya ce wannan cin fuska ne. Ta ce ƙwarai kuwa. Ya yarda. Shi ne ya gaya wa Inna, kuma da yake daga bakin ɗan fari namiji maganar ta fito, sai ta shiga mota ba gardama.

Watannin ragewar nan ba zan iya kwatanta su duka ba. Duk lokacin da likita ta rage ƙarfin maganin, sai Inna ta yi kwanaki tana rawar sanyi cikin zafin Douala, ƙafafunta suna harbawa, cikinta yana murɗawa, ga zawo. Ta yi kuka, ta yi roƙo, ta yi zagi. Ta ba 'yar maƙwabta ɗan kunnenta don ta sayo mata, uwar yarinyar ta dawo da shi. Lauratu ta kwaso kekenta daga shago ta kafa a ƙofar ɗakin, tana ɗinki tana gadi. Duk mako ta kai ta wajen masu gashin baya da motsa jiki, ta dafa ruwan zafi ta gasa mata, ta dama mata kunun gyaɗa ta zauna har sai ta shanye. Inna tana karɓar duk wannan daga hannunta ba tare da ta dube ta ba.

Ana tsakiyar haka, wata rana Lauratu ta dawo daga cefane ta tarar da Inna tana fara'a, tana waƙa ƙasa-ƙasa, idonta ya yi wani lumshewa. Abdurrazak ya zo gaisuwa ya kawo goro a ƙunshin ganye. Ta buɗe ganyen da aka jefar ta ga ɓawon ƙwaya. Ko mayafi ba ta gyara ba ta nufi mahaɗar da 'yan bensikin ke tsayawa. Ta same shi zaune a kan babur cikin abokansa, ta zura hannu a aljihun rigarsa ta zaro wani katin ƙwayar, an ɓalle rabinsa. Ta dube shi ido cikin ido, ta ga abin da ta daɗe tana gani tana kawar da kai. Ya ce gajiyar aiki ce, kowa a nan yana sha, ba mai iya wuni a kan babur cikin rana da ruwa da ƙarfinsa kawai. Sannan ya fashe da kuka ya ce, "Adda, in ta riƙe hannuna tana roƙo, ba na iyawa."

"Ba tausayinta kake ji ba," in ji Lauratu. "Tsoro kake kada ta warke a juyo kanka."

Ta ce masa daga yau in zai shiga gidanta sai ya juye aljihunsa a bakin ƙofa, kuma ranar da ya shirya zuwa asibiti ita za ta raka shi. Abokansa suka yi ta dariya. Mai tallan maganin yana can gefe da farantinsa, ko motsi bai yi ba, don ya san gobe ma za su saya.

Wannan koma-bayan ya sa aka sake ɗaukar hanya kusan daga farko. Sai da shekara ta zagayo kafin likita ta ce an gama. Inna ta yi ƙiba kaɗan, hankalinta ya dawo, tana tafiya da sanda, bayan yana ciwo in an yi sanyi amma tana jurewa. Ba ta koma toya waina ba. Ta koma gidanta na New Bell, kuma duk wanda ya zo yi mata barka sai ta ce Allah ya yi wa babban ɗanta albarka, shi ya tsaya mata ya kai ta asibiti. Amadu yana jin haka ya yi murmushi ya ce ai wajibi ne. Lauratu tana zuwa kullum da kwanon abinci. Yanzu Inna tana amsa gaisuwarta, har takan tambaye ta mijinta, amma maganar nan da ta furta ba ta taɓa janye ta ba, ba kuma wanda ya ce mata ya kamata.

Abdurrazak bai je asibiti ba. Watannin baya ya ɗauko wata mata da kayan miyarta daga kasuwa, ya yi gyangyaɗi a kan babur, suka afka cikin lambatu. Matar ta karye a ƙafa, shi ya kuje, babur ɗin ya lotse. Babur ɗin ba nasa ba ne, na wani dattijo ne da yake ba samari haya. Inna ta ɓoye autan a ɗakinta, ta aika aka kira Lauratu. Ranar ce ta fara kiranta da 'yata tun bayan abin da ya faru. Ta kama hannunta ta ce mai babur yana ganin girman mijin Lauratu, ta je ta ce masa wata mota ce ta buge su ta gudu, don ya gyara ya sake ba yaron, kada ya rasa abin yi. Amadu ma ya bugo waya ya ce a rufe maganar, shi zai ji da matar da ta karye.

Lauratu ta dubi uwarta, matar da ta san wannan ƙwayar fiye da kowa a gidan, ta dubi ƙaninta da ke kwance ya juya baya. Ta zare hannunta a hankali. Ta ce abinci yana nan a kwano, na mutum biyu ne. Daga nan ta wuce asibiti ta duba matar, ta ba ta haƙuri, ta gaya mata ainihin abin da ya kayar da su. Sannan ta tafi gidan mai babur. Ta same shi a zaure yana alwala, ta jira ya idar, ta gaishe shi, ta ce masa ba wata mota da ta buge su, ƙaninta tramol yake sha, kuma in ya sake ba shi babur, wanda za a ɗauko nan gaba gawa ce. Dattijon ya tambaye ta ko uwarta ta san ta zo. Ta ce za ta sani kafin magariba.